Daga dandalin biki zuwa zauren kotu: dalilin da ya sa Kanada ke tilasta wa lauyoyinta sanin tarihin 'yan asalin ƙasa

Ranar 6 ga Fabrairun 2023, lauyoyin lardin Alberta na ƙasar Kanada suka yi wani zama na musamman ta intanet domin kaɗa ƙuri'a a kan wani kwas da bai fi awa biyar ba. Sunan kwas ɗin The Path, wato Hanya, kuma abin da ke cikinsa tarihin 'yan asalin ƙasar ne. Hukumar da ke ba lauyoyin lardin lasisi ta wajabta shi a kan kowa, har ta dakatar da wasu 'yan kaɗan da suka bari wa'adi ya wuce ba su kammala ba. Lauyoyi 51 suka rubuta ƙorafi cewa hukumar ta wuce gona da iri, ba ta da hurumin zaɓar wa lauya abin da zai karanta bayan ya gama makaranta, wasunsu ma suka ce siyasa ce aka yi wa kwalliya da sunan ilimi. Da aka ƙirga, 2,609 suka ce a bar dokar yadda take, 864 suka ce a soke ta.

Tambayar masu ƙorafin ba ta banza ba ce: ina ruwan lauyan da aikinsa rubuta takardun cinikin gida ko kare ɓarawon mota da tarihi da raye-rayen gargajiya? Amsar tana cikin fayil ɗin da ke kan teburinsa, domin a Kanada wannan tarihi wani sashe ne na dokar kanta, kuma wanda bai san shi ba zai yi ta tafka kurakurai yana cutar da wanda ya ɗauke shi aiki ba tare da ya sani ba.

Da farko a san su wa ake magana a kai. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1982 ya ambaci rukuni uku: Al'ummomin Farko, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa bisa kuskure, da Inuit mazauna arewa mai ƙanƙara, da Métis waɗanda suka samo asali daga auratayyar Turawa 'yan fataucin fatu da matan ƙasar har suka zama al'umma mai harshenta da tarihinta. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, kashi biyar cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Al'ummomin Farko kaɗai sun haura 600, harsuna kuwa sun fi 70. Saboda haka kuskure na farko shi ne a yi musu kuɗin goro. Tsakanin ɗan Haida na gaɓar tekun yamma da ɗan Mi'kmaq na gabas akwai nisan harshe da al'ada da ba su da iyaka, kuma dokar da ta hau kan wannan ba lalle ta hau kan wancan ba.

Inda wajabcin ya samo asali

Fiye da shekara ɗari gwamnatin Kanada da coci-coci suna gudanar da makarantun kwana na dole, inda aka raba yara sama da 150,000 da iyayensu, aka hana su harshensu, da yawa aka ci zarafinsu, dubbai suka mutu a can. Na ƙarshe-ƙarshen waɗannan makarantu sai a shekarun 1990 aka rufe su. Waɗanda suka tsira sun kai ƙara, aka yi sulhu a 2006, aka fara aiki da shi a 2007. An biya kowane tsohon ɗalibi dala 10,000 na shekarar farko, da dala 3,000 na kowace shekara da ta biyo baya, sannan aka buɗe wata hanya ta daban ga waɗanda aka yi wa fyaɗe ko mummunan duka, inda aka shigar da buƙatu kusan 38,000.

A nan ne asirin wasu lauyoyi ya tonu. Mutum ya shekara hamsin yana ɓoye abin da aka yi masa yana yaro, bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba, sai lauya ya miƙa masa fom ya ce ya cike kafin la'asar. Wasu ba su taɓa haɗuwa da lauyansu ba sai ranar sauraron shaida. A 2012 kotu ta kori wani ofishin lauyoyi na birnin Calgary daga shirin gaba ɗaya, bayan bincike ya nuna yadda ake tatsar wasu masu ƙara ta hanyar basussuka masu kuɗin ruwa. Hukumar Gaskiya da Sasantawa da aka kafa domin binciken abin da ya faru a makarantun, wadda alƙali Murray Sinclair ɗan Anishinaabe ya shugabanta daga 2009, ta ga duk wannan. Da ta fitar da kiraye-kirayenta 94 a 2015, na 27 ya nufi hukumomin lauyoyi, na 28 ya nufi tsangayoyin koyar da shari'a. Abin da ta ce a koyar a fili yake: tarihin makarantun da abin da suka haifar, sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa, yarjejeniyoyin da aka ƙulla da masarautar Ingila, dokokin gargajiya na su kansu al'ummomin, da horo a aikace kan sasanta rikici da yaƙi da wariyar launin fata. Lardin British Columbia ya fara nasa kwas ɗin dole na kimanin awa shida a 2022, ya ba lauyoyi shekara biyu su kammala. Lauyan da ya taso daga Kano ko Legas ya samu lasisi a can, shi ma sai ya zauna ya yi.

Lokacin da ɗaukar lauya ya zama laifi

Akwai wani dalili da ya sa dattijo ɗan asalin ƙasa ba ya sakin jiki da mai baƙar riga. Dokar Indiyawa ta 1876, wadda har yau tana aiki bayan gyare-gyare, ta tanadi cewa wanda ya samu digiri ko ya zama lauya ko likita ya fita daga rajistar mutanensa ke nan. Wato ko ka zama lauya, ko ka ci gaba da zama ɗan gidanku. A 1927 aka ƙara sashe na 141, wanda ya haramta tara kuɗi daga 'yan asalin ƙasa domin bin wata ƙara sai da izinin gwamnati a rubuce, gwamnatin da ita ce ake son kai wa ƙara. Hukuncinsa tara daga dala 50 zuwa 200, ko ɗaurin da bai wuce wata biyu ba. Sai 1951 aka cire shi. Duk lauyan gwamnati da zai tashi yau ya ce me ya sa suka yi shiru tun tuni, an ɗaure mutum ne ana tambayarsa don me bai gudu ba.

Sai batun biki, wanda shi ne zuciyar maganar. Al'ummomin gaɓar yamma suna da wani babban taro da ake kira potlatch, inda mai gayya ke ciyar da jama'a kwanaki yana rabon barguna da sauran kyaututtuka. Jami'an gwamnati da 'yan mishan suka ɗauke shi almubazzaranci da maguzanci, aka haramta shi daga 1885, da ɗaurin wata biyu zuwa shida. A ƙarshen 1921 wani basarake ɗan Kwakwaka'wakw mai suna Dan Cranmer ya yi nasa a tsibirin Village, aka gurfanar da mutane fiye da arba'in, kimanin ashirin suka tafi kurkuku, aka kwashe sassaƙaƙƙun fuskokin da ake sawa a bikin da sauran kayan rawa aka rarraba wa gidajen tarihi. Wani sashe na kayan ya dawo, yana ajiye a cibiyar U'mista da aka buɗe a Alert Bay a 1980.

Abin da jami'an suka kasa gani, ko suka gani suka ƙi, shi ne cewa wannan taro shi ne ofishin rajista. A nan ake naɗa magaji, a nan ake ambata iyakar ƙasar kowane gida daga wannan dutse zuwa wancan kogi, a nan ake biyan diyya a wanke abin kunya. Kyautar da ake rabawa ladan shaida ce: wanda ya karɓa ya amince da abin da aka faɗa, kuma wajibi ne ya riƙe shi a ka. In akwai mai ja, a nan zai tashi ya yi magana. Hana biki na shekara 66 daidai yake da rufe kotu da ma'ajiyar takardun filaye a lokaci guda.

Waƙa a matsayin hujja

Wannan ya fito fili a shari'ar Delgamuukw. Sarakunan gargajiya na Gitxsan da Wet'suwet'en sun nemi a tabbatar musu da mallakar murabba'in kilomita 58,000 a British Columbia. Takardar mallaka ba su da ita. Abin da suke da shi shi ne adaawk da kungax, tarihin baka da waƙoƙin kowane gida da ake rerawa a zauren biki gaban shaidu. Da wata dattijuwa, Mary Johnson, za ta rera waƙar gidansu a kotu, alƙali Allan McEachern ya nuna ba ya so, ya ce shi kunnensa ba ya jin kiɗa. An yi zama 374, kuma a hukuncinsa na 1991 bai ba tarihin bakan wani nauyin kirki ba. A 1997 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce dole a ajiye tarihin baka kafaɗa da kafaɗa da rubutattun takardu, in ba haka ba an ɗora wa mutanen da ba su ajiye tarihinsu a takarda ba nauyin da ba za su taɓa iya saukewa ba.

Alƙalin da ya saurari ƙarar Tsilhqot'in bayan haka, David Vickers, ya ɗauki darasi. Ya kai kotu har ƙauyen mutanen domin dattawa, kuma da aka shaida masa akwai labaran da ba a bayar da su sai rana ta faɗi, sai ya yi zaman dare. Bahaushen da ya tashi yana jin cewa ba a tatsuniya da rana ba zai yi mamakin wannan ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Tsilhqot'in mallakar sama da murabba'in kilomita 1,700, karo na farko da kotu ta yi hakan a kan takamaiman yanki a Kanada.

Wani abin da zai ba mai karatu a Najeriya sha'awa: daga cikin tsoffin hukunce-hukuncen da alƙalan Kanada suka jingina da su a shari'ar Calder ta 1973 da ta Guerin ta 1984 akwai ƙarar Amodu Tijani, Oluwa na Legas, kan filayen Apapa, wadda majalisar shari'a ta masarautar Ingila ta yanke a 1921. A can aka yi gargaɗin kada a auna mallakar ƙasa ta gargajiya da mudun dokar Ingila.

A aikace, lauyan da zai gabatar da dattijo a matsayin shaida yana da aiki tun kafin ranar kotu. Zai gano wa ke da izinin ba da wane labari, domin waƙa mallakar gida ce, ba kowa ke rera ta ba. Zai nemi tafinta na ainihin karin harshen garin. A yankunan Cree da Anishinaabe ana miƙa taba kafin a roƙi dattijo ilimi, kamar yadda ba a zuwa neman alfarma hannu rabbana. Zai sasanta da lauyan ɗaya ɓangaren kan yadda za a yi tambayoyin ƙure, saboda katse dattijo a tsakiyar labari na iya sa ya yi shiru har abada. Kotun Tarayya tana da rubutaccen tsari kan shaidar dattawa, wasu larduna kamar Nova Scotia kuma sun yarda a yi rantsuwa da gashin gaggafa.

Inda aka fi yin ɓarna: shari'ar laifuka

A 1996 aka saka sashe na 718.2(e) a kundin laifuka, wanda ya umarci alƙali ya duba duk wani hukunci da ba ɗauri ba, musamman ga 'yan asalin ƙasa. Jamie Gladue, 'yar shekara 19, ta kashe mijinta a garin Nanaimo, alƙali ya ce sashen bai shafe ta ba tunda a birni take zaune. A 1999 Kotun Ƙoli ta ce ya yi kuskure, sashen ya shafi ɗan asalin ƙasa ko ina yake, duk da cewa ba ta rage mata shekara ukun da aka yanke ba. Daga nan aka samu abin da ake kira rahoton Gladue.

Matakan ba su da wuya a faɗa. Lauya zai tambayi wanda yake karewa asalinsa kai tsaye, kada ya dogara da fuska ko suna, domin da yawa an ɗauke su tun suna jarirai an ba iyalan Turawa riƙo a shekarun 1960 zuwa 1980, wasu kuma sun rasa rajista saboda kakarsu ta auri bare kafin gyaran dokar 1985. In ya amince, sai a roƙi kotu ta ɗage zama, wani ƙwararren marubuci ya yi makonni yana hira da shi da danginsa da dattawan garinsu. Rahoton yana da rabi biyu. Na farko tarihi ne: wa ya shiga makarantar kwana a gidan, gidajen riƙo nawa aka yi ta jefa yaron, ko an taɓa tayar da ƙauyen daga mazauninsa, ko uwar tana shan giya da cikinsa har ya shafi ƙwaƙwalwarsa. Na biyu mafita ce ta zahiri: akwai gurbi a cibiyar daina shaye-shaye kaza daga rana kaza, dattijo wane ya yarda zai riƙe shi, jama'ar gari sun amince a yi zaman da'ira, wato taron sasantawa na al'ada, da wanda aka cuta.

Rabi na biyun ne aka fi sakaci da shi. Lauya ya karanta wa alƙali labarin ban tausayi na shafi ashirin, bai kawo inda za a kai mutumin ba, alƙali kuwa ba shi da abin yi sai kurkuku. Kuskure na biyu shi ne masu gabatar da ƙara su ce sai an nuna alaƙa ta kai tsaye tsakanin makarantar da kaka ta shiga da laifin jika, ko su ce sashen ba ya aiki a manyan laifuka. Kotun Ƙoli ta yi watsi da duka biyun a shari'ar Ipeelee ta 2012. Na uku, lauya ya ba da shawarar a haƙura da rahoton don a gama da wuri, alhali rahoton kan bi mutum har gidan yari, ya taimaka wajen tura shi gidan warkarwa irin Okimaw Ohci na mata da ke Saskatchewan. Tun 2019 kuma doka ta ce a yi la'akari da wannan yanayi tun daga matakin beli.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a doka ba. A wasu al'ummomin, zuba wa babba ido rashin kunya ne, dogon shiru kafin amsa kuma girmamawa ne. Alƙalin da bai sani ba sai ya rubuta cewa wanda ake tuhuma yana kauce-kauce, ba ya nadama. Yaron da ya tashi a Zazzau ko Damagaram yana sunkuyar da kai gaban manya zai faɗa wannan ramin shi ma. Aikin lauya ne ya ja hankalin kotu tun kafin a yi masa mummunar fassara.

Har mai rubuta takardun ciniki bai tsira ba

Filin da ke cikin keɓaɓɓen yankin 'yan asalin ƙasa a hannun gwamnati yake bisa amana. Sashe na 89 na Dokar Indiyawa ya hana bare karɓar dukiyar ɗan rajista da ke cikin yankin a matsayin jingina ko ƙwace ta saboda bashi, don haka takardar jinginar da aka saba rubutawa ba ta da amfani a can. Sashe na 87 ya yafe haraji, amma a kan dukiyar da ke cikin yankin kawai, ba yadda jama'a ke yaɗawa cewa ba sa biyan haraji ba. Gadon ɗan rajista mazaunin yankin yana ƙarƙashin ministan tarayya, ba kotun lardi ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce dokar lardi ta rabon gidan ma'aurata ba ta aiki a can, mata suka yi ta fita hannu wofi, sai a 2013 aka yi dokar cike giɓin.

Lauyan kamfani kuwa yana da nasa tarkon. Tun hukuncin Haida na 2004, wajibi ne gwamnati ta tuntuɓi al'umma kafin ta ba da izinin aikin da zai taɓa haƙƙinsu, ko da ba a gama tabbatar da haƙƙin a kotu ba. Amma wa za a tuntuɓa? Kamfanin Coastal GasLink ya sa hannu da zaɓaɓɓun majalisu 20 da ke kan hanyar bututun gas mai tsawon kilomita 670. Sarakunan gargajiya na Wet'suwet'en, magadan waɗanda suka yi shari'ar Delgamuukw, suka ce majalisar da Dokar Indiyawa ta ƙirƙira ikonta bai wuce ƙauye ba, dajin na gidajen sarauta ne da ake gada ta wajen uwa. A Fabrairun 2020 masu goya musu baya suka tare hanyoyin jirgin ƙasa a faɗin Kanada na makonni. Tsoffin yarjejeniyoyi ma ba su mutu ba. Ta Robinson Huron ta 1850 ta yi alkawarin ƙara kuɗin shekara in ƙasar ta kawo riba, amma aka bar shi a dala huɗu ga kowane mutum tun 1875. A 2023 gwamnatin tarayya da ta Ontario suka amince su biya dala biliyan 10.

Bukukuwan yau, da iyakar kwas ɗin

Tun 1996 ake bikin ranar 'yan asalin ƙasa kowace 21 ga Yuni, ranar da ta fi tsawo a shekara a can, kuma a 2009 majalisa ta ware watan Yuni gaba ɗaya domin tarihinsu. Ranar 30 ga Satumba ta zama hutun tarayya a 2021, ana sa riga ruwan lemo domin tunawa da Phyllis Webstad, wadda aka tuɓe wa sabuwar rigar da kakarta ta saya mata ranar da ta shiga makarantar kwana tana 'yar shekara shida. Ita wannan ranar juyayi ce, ba ta shagali ba, kuma ofisoshin da ke haɗa su biyun a sanarwa ɗaya suna nuna ba su fahimta ba. Manyan ofisoshin lauyoyi sun iya gayyato masu ganga, su buɗe taro da ambaton sunan al'ummar da ke da ƙasar da ginin yake kai. Ba laifi, abin da aka taɓa ɗaure mutane a kansa yau ana yinsa a bainar jama'a. Sai dai wanda ya je kallon kwalliya kawai ya dawo da hotuna. Wanda ya lura da wa ya fara magana, wa ya zauna a ina, wa aka ba kyauta, shi ne ya ga tsarin mulki yana aiki.

Masu sukar kwas ɗin daga ɗaya ɓangaren, wato lauyoyi 'yan asalin ƙasa, su ma suna da gaskiyarsu. Awa biyar ko shida a gaban kwamfuta ana danna maɓalli ba za ta koya wa mutum zama da wanda aka yi wa fyaɗe yana yaro ba, alhali kira na 27 horo a aikace ya nema. Samun marubucin rahoton Gladue ya danganta da lardin da aka kama mutum, wani wuri akwai kuɗin, wani wuri babu. Alƙaluma kuma ba su yi daɗi ba. Lokacin hukuncin Gladue, 'yan asalin ƙasa kashi 12 cikin ɗari ne na fursunonin tarayya. Yanzu sun kai kusan kashi 32, a ɓangaren mata kuwa kusan rabi. Talauci da ƙarancin gidaje da yadda 'yan sanda ke aiki ba abubuwa ba ne da kwas ɗin lauyoyi zai gyara.

Yunƙurin da ya fi zurfi yana Jami'ar Victoria, inda John Borrows da Val Napoleon suka jagoranci buɗe digiri mai harshen damo a 2018. Shekara huɗu ake yi maimakon ukun da aka saba. Ɗalibi zai karanta dokar laifuka ta Kanada tare da ta Cree, dokar filaye tare da ta Gitxsan, kuma a shekara ta uku da ta huɗu sai ya yi zango guda-guda a cikin al'umma yana aiki da dattawa kan wata matsala ta gaske da suke son warwarewa da dokarsu. Rukunin farko ya kammala a 2022.